Abin da Adda Hansatu Ta Roƙe Ni

Yau kwana hamsin da biyu da rasuwar yayata, Adda Hansatu. Masu zuwa gaisuwa sun ɗauke ƙafa, an mayar wa masallaci tabarminsa, gida ya koma shiru. Shi ya sa na zauna in rubuta yadda jinyarta ta kasance. Akwai abubuwan da da wani ya faɗa mini tun farko, da wahalar da ta sha ba ta kai haka ba. Akwai kuma magana guda da na daɗe ina riƙe da ita a ciki. Ɗanta ya karanta abin da na rubuta, ya ce in bar shi yadda yake.

Sunana Sa'idu. Ina aiki a asibitin dabbobi a nan Azare. Ni ba likita ba ne, mataimaki ne, amma a rugage da kasuwar shanu "Likita" ake ce mini, har na gaji da gyarawa. Adda ta girme ni da shekara goma sha huɗu. Ina ɗan shekara biyar mahaifiyarmu ta rasu, ita ta ɗauke ni ta riƙe a ɗakin aurenta a Katagum har na gama sakandare. Sana'arta man gyaɗa da ƙuliƙuli. Mijinta ya daɗe da rasuwa, ɗanta ɗaya ne, Bello, direban tanka a Fatakwal. Mace ce mai azumin Litinin da Alhamis, mai faɗa kuma in an taɓa ta. Har na yi furfura ba ta daina kira na Auta ba.

Matata Rabi ce ta gano. Lokacin kakar gyaɗa ta je suna Katagum, ta sauka wurin Adda. Ta lura Adda tana tuya da hannu ɗaya, na hagu a maƙale a jikinta, ga turare ya yi mata yawa, ita da ba mai son turare ba. Da ta zaga bayan ɗaki sai ta ga tsummoki a shanye, duk da tabon jini da wanki bai fitar ba. Ta tsare ta da tambaya har ta buɗe mata. Rabi ta ce da ta gani sai da ta dafa bango.

Kusan shekara biyu ke nan da Adda ta ji ƙullutu a nononta na hagu. Ba ta faɗa wa kowa ba sai wata maƙwabciya, ita kuma ta ce mata daji ne, kuma daji ba ya son ƙarfe, in allura ko wuƙar likita ta taɓa shi sai ya bazu. Ta kai ta wurin wani mai magani a ƙauye, ya ba ta wani baƙin haɗi tana shafawa. Haɗin ya cinye fata, wurin ya buɗe ya zama gyambo. Washegarin dawowar Rabi na ɗauki motar haya na je na taho da ita. Duk hanya tana mita wai mun bar mata gyaɗa a buhu.

Makon farko a layin asibitin Azare muka ƙare shi. Layin kati, layin ganin likita, layin ɗibar jini, layin hoto. Wanda bai isa asibiti da sassafe ba, ya haƙura sai gobe. Ranar farko muna zaune tun hantsi har la'asar kafin a kira mu, Adda a kan benci ta rufe ƙirji da mayafi biyu don kada na kusa da ita ya ji wari. Wata nas ta lura, ta zo ba tare da ta ce komai ba ta mayar da ita kujerar kusa da taga. Ban san sunanta ba. Allah ya saka mata.

Aka yanki ɗan tsoka aka aika gwaji. An ce mako biyu, sai da ya yi huɗu. A cikin makonnin nan dangi suka yi ta zuwa, kowa da abin da ya riƙo. Goggonmu daga Giade ta zo da saiwoyi a ƙulle a leda. Wani ɗan'uwa ya kawo zuma da habbatus sauda, wani ya ce a nemo fitsarin raƙumi. Wata kuwa ta ja ni gefe ta ce ai abin a fili yake, sammu ne, akwai mai sayar da ƙuli da ke jin haushin cinikin Adda. Na karɓi zumar, sauran na yi godiya na ajiye. Ba na zargin kowa, ƙauna ce ta kawo su. Amma mai jinya yana gajiya da godiya a kan abin da ba zai yi amfani da shi ba.

Ranar da sakamako ya fito, likitan ya sa aka rufe ƙofa. Matashi ne, ba shi da yawan magana. Ya tambayi Adda ko tana so a faɗa a gabanta. Ta ce, "Jikin wa ake magana a kai?" Sai ya faɗa. Dajin nono ne, ya kai mataki na huɗu, ya fara shiga ƙashi. Kalmominsa da suka zauna mini su ne: "Ba za mu iya warkar da shi ba. Amma wannan ba ya nufin aikinmu ya ƙare." A lokacin na ɗauka lallashi ne kawai.

Aka tura mu Kano don ƙarin ruwan da suke kira kemo, duk bayan mako uku. Sau uku muka je. Ba zan kawo lissafi ba, don farashi ba ya zama wuri ɗaya. Abin da zan ce, injin niƙan gyaɗar Adda ya tafi a zuwan farko, raguna biyu da nake kiwo suka bi shi a na biyu, Bello kuma yana aiko abin da ya samu. Duk dawowa sai ta yi kwana biyar tana amai. Gashinta ya zube, bakinta ya yi miki, ko kunu ba ya wucewa sai da dabara. Gyambon ya ɗan ja baya bayan na farko, muka yi murna. Bayan na biyu sai ta fara kukan baya.

A mako na goma sha biyar da kawo ta Azare, ta tashi za ta yi alwala ƙafafunta suka ƙi ɗaukarta. Cikin kwana huɗu daga ƙugu zuwa ƙasa babu motsi. Hoto ya nuna ciwon ya ci ƙashin bayanta. Aka sa mata robar fitsari. Likitanmu na Azare ya duba takardun Kano, ya ce a ganinsa kemo ya daina amfani, wahalar hanya da amai kawai zai ƙara mata. Ya rubuta wani maganin ciwo na ruwa mai suna mofin, a ba ta a baki duk awa huɗu. Ya nuna wa Rabi yadda za ta daka ƙwayar filajil ta barbaɗa a gyambon don wari, ya ce a riƙa juya ta duk awa biyu kada bayanta ya yi miki. Waɗannan abubuwa uku sun fi mana amfani a kan duk abin da muka kashe wa kuɗi. Ranar da ta fara shan mofin ta yi barcin da ta yi wata biyu ba ta samu ba, ta farka ta nemi fura.

Ita da kanta ta ce ba za ta sake zuwa Kano ba. Da na faɗa wa Bello a waya, sai ya ce, "Kawu, kun gaji da ita ne?"

Na ce, "Bello, likita ne ya ce ba ya amfani."

"Likita Allah ne? In kuɗi ne ku faɗa mini. Wanda ya tsayar da magani ai kashe mutum ya yi. Ni ban yarda ba."

Ya kashe wayar. Ban ji haushinsa sosai ba. Yana nesa, rabonsa da ita tun tana tafiya da ƙafarta. Amma maganar ta zauna mini, don ni ma ban tabbatar ba.

Muka yi kusan wata guda a haka, cikin sauƙi gwargwado. Rabi ke wanka da gyaran gyambo, ni ke juyawa da ba da magani in ina gida. Sai na je karɓo sabuwar kwalba aka ce maganin ya ƙare, a dawo mako mai zuwa. Na zaga kemis-kemis na garin nan da takardar likita a hannuna. Babu mai ajiye shi. Wasu ma kallon ɗan ƙwaya suka yi mini, wani ya ce, "Malam, da girmanka?" Na san dalilin tsoronsu, mun ga abin da ƙwaya ta yi wa matasa. Amma mai gaskiya shi ke kwana a ciki. Likita ya rubuta wanda ake samu, bai yi ko rabin aikin wancan ba.

Ban san yadda zan kwatanta kwanakin nan ba. Adda ba mai kuka ba ce. Na taɓa ganin tafasasshen mai ya zubo mata a ƙafa, salati kawai ta yi ta ci gaba da tuya. Wannan matar ce take cizon matashi har ta yaga shi. In za a juya ta sai ta riƙe hannuna ta ce mu bari tukuna, mu bari tukuna. Maƙwabta suna jin ta ta katanga. Masu dubiya su shigo su ce, "Sannu Hajiya, a yi haƙuri, kankarar zunubi ne," su fita.

Ranar Talata bayan azahar, kwana shida da yankewar magani, Rabi ta fita kasuwa. Babu wuta, ina zaune ina yi mata fifita. Ciwon ya ɗan lafa kamar yadda yakan yi na 'yan mintuna.

Ta ce, "Auta."

"Na'am, Adda."

"Ka tuna jakin Malam Sale mai ɗiban yashi?"

Na tuna. Shekaru da yawa da suka wuce mota ta buge shi a bakin tasha a Katagum, ta karya masa baya. Ina gari ranar, aka kira ni, na yi masa allurar da muke yi wa dabbar da ba za ta tashi ba. Na koma gidan Adda ta zuba mini abinci na kasa ci.

Ta ce, "Ka ce mini bai ji komai ba. Ka ce kamar barci ne."

Na ce, "Adda, ki yi salati."

"Tun asuba nake yi. Da hankalina nake maka magana, dube ni. Likita ya ce ba tashi zan yi ba, a gabanka ya faɗa. Na yafe wa kowa, na nemi yafiyar kowa. To me ake jira?"

Na ci gaba da fifita.

"Ni na goya ka. Tun da ka fara aiki ban taɓa roƙonka ko sabulu ba. Yau na roƙe ka. Jaki ka ji tausayinsa, Auta. Ni ban kai jaki ba ne?"

Zan faɗi gaskiya, don in ban faɗa ba rubutun nan ba shi da amfani. Ban ce mata a'uzubillahi ba, ban yi mata wa'azi ba. Makullin durowar da ake ajiye allurar a ofis yana cikin aljihuna a wannan lokacin, ina jin sa a cinyata. Na san hukuncin abin tun ina makarantar allo. Amma na zauna a wurin ina riƙe da mafici, zuciyata tana lissafa yadda za a yi: babu wanda zai tambaya, kowa ya san mutuwa take jira, kafin magariba an rufe ta. Na yi wannan tunanin daga farko har ƙarshe. Sai ciwon ya dawo mata, ta fara nishi, na tashi na fita tsakar gida na tsaya a rana.

Da na dawo na ce, "Adda, ba zan iya ba."

Ta juya fuskarta bango. Kwana uku ba ta yi mini magana ba. In Rabi ta kawo ruwa ta sha, in ni ne ta rufe baki.

Washegari Laraba na kai wa shugabanmu makullin a ofis, na ce ina son hutu, a ba wani ya riƙe. Bai tambaye ni dalili ba. Daga nan na wuce gidan Malam Goni, wanda nake ɗaukar karatu wurinsa tun ina saurayi. Dattijo ne, iyayensa daga Borno suka zo suka zauna a Azare. Na jira ɗalibai suka tashi bayan la'asar, na faɗa masa komai, har da abin da zuciyata ta lissafa. Ina jiran faɗa.

Sai ya ce, "Ran ba naka ba ne, ba nata ba ne. Amana ce, Mai ita kaɗai ke karɓa. Wannan ka sani, shi ya sa ka kai makullin. Ba shi ya kawo ka ba."

Na ce, "Allah ya gafarta Malam, to in zuba mata ido?"

"Wa ya ce ka zuba mata ido? An hana ka ɗaukar ranta, ba a hana ka ɗauke mata ciwo ba. Maganin nan da ka ce yana yi mata aiki, a duniya ya ƙare ko a Azare?"

Na ce a Azare.

"To me kake yi a zaurena?"

Na tambaye shi maganar Bello, ko tsayar da kemo kisa ne. Ya ce a iya saninsa, in masana sun ce magani ba ya warkarwa, wahala kawai yake ƙarawa, mara lafiya kuma da hankalinta ta ce ta haƙura, barinsa ba kisa ba ne. "Wanda ya bar ƙofa yadda ya same ta daban, wanda ya tura mutum ta cikinta daban." Ya ce amma in sake tambayar wani malamin, kada in tsaya a kansa shi kaɗai. Na tambaya daga baya, amsar ɗaya ce.

Da safe sai ga shi a gidana da sandarsa. Rabi ta lulluɓe Adda, ya zauna daga bakin ƙofa. Bai ce mata ta yi haƙuri ba. Ya tambaye ta inda ya fi ciwo, da wane lokaci, ta faɗa masa. Can ta ce, "Malam, na san Auta ya faɗa maka. Na kafirta ko?"

Ya ce, "Hajiya, da kin kafirta da ba ki damu ki tambaya ba. Allah ya san nauyin abin da ya ɗora miki, ya fi mu sani. Ki roƙe shi Shi, kai tsaye: in rayuwa ce alheri ya bar ki, in tafiya ce alheri ya ɗauke ki. Wannan ƙofa a buɗe take. Amma ki sauke wa yaron nan, ba zai iya ɗauka ba." Yaron da yake nufi ni ne, mai shekara arba'in da huɗu. Da zai fita ya ce wa Rabi a rage masu dubiya. "Haƙuri ba a ɗura wa mutum shi kamar magani. Wanda ba zai kama muku aiki ba, ya yi addu'a daga gidansa."

Ranar na hau mota zuwa Kano da takardar likita. Asibiti na farko babu. Na biyu akwai, amma sai likitansu ya sa hannu, shi kuma ya tashi. Na kwana wurin wani abokina, washegari na samu kwalba biyu. Na riƙe su a cinyata har Azare kamar mai ɗauke da ƙwai.

A nan ne na yi kuskuren da ya fi damuna, kuma shi ne babban dalilin wannan rubutu. Da maganin ya dawo hannuna sai na ji ina tsoronsa. Na taɓa jin ana cewa yana rage numfashi. Duk lokacin da na ja shi a sirinji sai in ce, anya ba abin da ta roƙa nake yi mata a hankali ba? Anya tunanin ranar Talata bai bi hannuna ba? Sai na riƙa ba ta ƙasa da abin da likita ya rubuta, in kuma ja lokacin, awa huɗu ta zama shida. Ban faɗa wa kowa ba. Kwana biyar tana shan wahalar da babu dalilinta, ga magani a kan taga. Rabi ce ta lura kwalbar ba ta raguwa yadda ya kamata, ta tsare ni.

Na koma wurin likita na faɗa masa. Ya cire tabarau ya dube ni. Ya ce, "Malam Sa'idu, in ka ba ta, me kake nufi ya mutu, ita ko ciwon?"

Na ce ciwon.

"To ba ta abin da na rubuta, a kan lokacinsa, kada ka jira sai ta yi kuka. Ma'aunin nan ba ya kashe mutum. In bai isa ba ka dawo, ni zan ƙara, ba kai ba. Abin da zai ɗauke ta yana cikin ƙashinta, ba a kwalbar nan yake ba."

Daga ranar ban sake ragewa ba. Sau biyu ya ƙara ma'aunin. Maganin yana sa bayan gida ya yi tauri, ya haɗa mana da na sassautawa. Ciwon bai tafi gaba ɗaya ba, amma ya koma abin da mutum zai iya zama da shi. Ta dawo tana salla da ishara, tana sauraron karatu a rediyo, tana gyara wa Rabi yadda ake suyar ƙuli.

Bello ya zo ana saura kwana uku azumi. Ya shigo da faɗa a bakinsa, ya riga ya yi magana da mai motar da zai kai ta Kano. Ya shiga ɗakin, ya ga abin da ya rage na mahaifiyarsa. Lokacin juyawa ya yi, na ce ya kama kafaɗa in kama ƙugu. Da muka gama ya fita waje ya daɗe. Da ya dawo ita ce ta yi masa magana: "Bello, ba wanda ya gaji da ni. Ni ce na gaji da mota." Bai sake ta da zancen Kano ba. Ya zauna har ƙarshe, kusan duk juyawar rana shi ya karɓa. Bai ba ni haƙuri da baki ba, ni ma ban nema ba.

Azumi ya dame ta ƙwarai. Tun tana budurwa ba ta taɓa shan azumi ba sai da lalurar mata. Ranar farko ta ƙi shan maganin rana. Sai da Malam Goni ya aiko cewa wanda ya ba ta rangwame ba ya son a mayar masa da kyautarsa, sannan ta karɓa. Muka riƙa ciyarwa a madadinta, ta ce lallai a haɗa da ƙuli a kowane kwano.

Bayan Salla da mako biyu zafin gari ya tsananta, ita kuma ta fara yawan barci. Ta daina cin abinci, sai ruwa da cokali, daga baya sai jiƙa leɓe da auduga. Likita ya riga ya gaya mana haka zai kasance, ya ce kada mu ɗura mata abinci, jikin ne ya daina buƙata. Ranar Alhamis da safe na ba ta maganinta kamar kullum. Da hantsi numfashinta ya canja, yana tsayawa yana dawowa. Bello yana riƙe da hannunta, Rabi tana maimaita kalmar shahada a hankali kusa da kunnenta. Leɓenta ya motsa sau biyu. Kafin azahar ta cika. Muka kai ta Katagum kamar yadda ta yi wasiyya, aka rufe ta bayan la'asar kusa da mahaifiyarmu.

Ba zan ɓoye ba, na yi kwanaki ina lissafa tazarar da ke tsakanin maganin safen nan da cikawarta. Na koma na tambayi likita, ya ce ma'aunin da ta yi mako biyu tana sha ne, babu abin da ya canja. Na yarda da shi. Shaiɗan dai ba ya rasa abin faɗa wa mutum.

Ga abin da nake so mai karatu ya ɗauka. Mace in ta ji ƙullutu a nono ta je asibiti a makon, kada ta saurari mai cewa daji ba ya son ƙarfe. Jira ne ke bazar da shi. Maza kuma mu riƙa tambayar iyayenmu mata da yayyenmu, ko ta bakin matanmu, don kunya tana kashe su muna zaune. In aka ba ku maganin ciwo mai ƙarfi, kada ku jira kwalba ta ƙare kafin ku nemi wata, ku fara nema tun tana rabi. Ina kuma kuka ga masu iko da wannan harka: bai kamata a ce sai mutum ya je Kano ya kwana kafin 'yar'uwarsa ta samu barci ba. Kwana tara Adda ta yi babu magani. A cikin kwana taran nan ne kawai ta nemi mutuwa. Kafin su ba ta nema ba, bayansu ba ta nema ba.

In kuma mara lafiyarku ya ce ya gaji yana son tafiya, kada ku rufe masa baki da wa'azi, kada kuma ku ɗauka imaninsa ya tafi. Ku tambaye shi ina ne ke ciwo.

Wani abokina da na ba labarin ya tambaye ni, da ba a samu maganin a Kano ba fa? Da kwana tara ya zama wata uku? Na ce ina fatan da na ci gaba da ƙi, kuma na gode wa Allah da bai gwada ni har can ba. Amma duk wanda ya amsa wannan tambaya da sauri, ta kowane ɓangare, ina zaton bai taɓa riƙe mafici a irin wannan ɗakin ba.

Saura magana ɗaya. Ana cikin goman ƙarshe na azumi, wata rana da hantsi, ni da ita kaɗai a ɗaki, ina yanke mata farce. Tun ranar Talatar nan ba mu sake ta da zancen ba. Sai ta ce, "Auta, na ɗora maka abin da ba a ɗora wa ɗan'uwa. Ka yafe mini."

Na ce, "Ni ne zan nemi yafiya, Adda. Na bar ki kina wahala."

Ta ce ta yafe. Na ci gaba da yankan farcen. Sai na kasa haƙuri na tambaye ta, "Yanzu da kika samu sauƙi, kin ga da na yi da mun yi asara ko?"

Na ɗauka za ta ce e. Ta dube ni irin kallon da take mini ina yaro in na yi tambayar wauta.

"Kada ka yaudari kanka. In ciwon nan ya dawo kamar wancan, zan sake roƙonka. Na san kaina." Ta miƙo mini ɗaya hannun. "Kai kuma sai ka sake ƙi."

Allah ya jiƙan Adda Hansatu, ya sa abin da ta sha ya zame mata haske a kabarinta. Ya saka wa Rabi, da likitan nan, da Malam Goni. Waɗanda ke kwance ya ba su sauƙi, masu jinyarsu ya ba su ƙarfin zuciya. Mu kuma in tamu ta zo, ya sa mu cika da imani.